Ɗantani da Gashin Baturiya

Duk wanda ya san Talata Mafara a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori ya san Ɗantani ɗan mahauta, ko bai san shi da ido ba ya ji labarinsa. Ranar Litinin aka haife shi, jajiberin kasuwa, ranar da babu mai lokacin kowa a gidansu saboda hidimar shanun da za a yanka gobe. Dogo ne siriri mai sanyin murya, kuma tun yana ƙarami aka gane wuƙa ba ta karɓe shi ba. Da an kayar da sa sai a neme shi a rasa, sai an gama fiɗa zai ɓullo yana tambaya ko akwai abin ɗauka. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji, ya haƙura ya bar masa kiwon dabbobin da ke jiran yanka da kai nama gidajen masu saye. Dabbobi kuwa sun yarda da shi. Bijimin da ya gagari ƙarti, in Ɗantani ya sosa masa wuya sai ya bi shi zugui-zugui.

Abu ɗaya ya samu a duniya wanda har ya tsufa bai daina mamakin yadda ya zo hannunsa ba, wato matarsa. Sunanta Baturiya, don fara ce sol tun haihuwa, ɗiyar wani malami daga Bakura. Tsafta kuwa ba a magana. Matar da ke wanke taɓarya kafin daka da bayan daka, wadda ko kaza ta san inda iyakarta take a tsakar gida. Mutane sun yi ta surutu lokacin auren, wai me ɗiyar malam za ta yi a gidan da ƙuda ke kwana. Ita ba ta taɓa goranta masa ba ko da wasa. Shi dai kullum gani yake kamar aron riga aka ba shi wadda ta fi ƙarfinsa, yana tsoron ranar da za a ce ya tuɓe.

Da aikin dam, wato madatsar, ya kankama, manyan motoci suka cika hanya, Turawa suka kafa sansaninsu kusa da gulbi da gidaje da injin wuta. Masu gona a bakin ruwa suna ta zullumin abin da zai same su, mahauta kuwa kakarsu ta yanke saƙa, don Bature ba ya cin abinci ba nama. Aka ɗora wa Ɗantani kai naman a keke kowace safiya.

Wata rana ya shiga bayan gidan wani injiniya zai miƙa wa kuku nama, sai ya hangi wata dabba kwance a inuwa ta ba shi baya, fara tas, gashi ya lulluɓe ta yana lanƙwasa kamar audugar da aka shiɓe. Tumakinmu ba su da irin wannan gashi, sai ya ce lalle wannan ragon ƙasar Turawa ne. Jinin gado ya motsa. Ya ajiye kwando, ya lallaɓa, ya danna gadon bayan da yatsu don ya ji kitse, kamar yadda kowane mahauci ke yi. Rago ya juyo ya yi haushi. Ɗantani bai san lokacin da ya haye kan tankin ruwa ba.

Matar injiniyan, wadda ma'aikata ke kira Madam, ta fito tana dariya har da riƙe ciki. Karen kuma da ya shinshini ƙanshin nama a jikin baƙon, sai ya ga ai ya samu aboki. Tun daga ranar ba ya jin ƙarar keken Ɗantani sai ya fito yana kaɗa bindi. Madam tana kiransa da wani suna da harshen Ɗantani ya ƙi ɗauka, shi kuwa ya raɗa masa Auduga. Ba a daɗe ba ta roƙe shi, da guntuwar Hausarta da nuni da hannu, ya riƙa dawowa da yamma yana zagayawa da karen, yana taje masa gashi. Ta nuna masa burushin da ake yi da shi, mai siraran haƙoran ƙarfe masu dunƙulen kai, a dase cikin roba mai laushi.

Ɗantani ya karɓi aikin, kuma maganar gaskiya ya ji daɗinsa, don a karo na farko ga dabbar da zai kula da ita ba wuƙa ke jiranta ba. Sai dai fa ina zai kai wannan magana? Ɗan mahauta ya zauna yana taje kare, sannan ya koma gidan ɗiyar malam ta miƙo masa ruwa a ƙwaryarta? Ya tabbata ranar da ta ji, ranar zai zube a idonta. Da ta tambaye shi abin da ke mayar da shi dam da yamma, sai ya ce ragon Turawa yake kiwo.

Da damina ta ɗauke, Madam da mijinta suka tafi hutu ƙasarsu, suka bar abincin Auduga a hannun kuku, gashinsa kuma a hannun Ɗantani. Kewa ta kama kare, ya rasa abin hucewa sai burushin uwargijiyarsa, ya tauna shi ya yi masa kaca-kaca. Kamar wannan bai isa ba, washegari ya fizge igiya ya bi zomo cikin wani fegi da ƙarangiya ta nuna ta bushe. Ya fito ba ka gane gabansa da bayansa. Wanda ƙarangiya ta taɓa kama wa bakin wando ya san aikinta, to ina ga dabbar da duk jikinta gashi ne. Cikin 'yan kwanaki gashin ya cure ya zama dunƙule-dunƙule, kaska ta samu maɓoya, kare ya daina wasa sai susa da kuka.

Ɗantani ya shiga neman abin da zai maye gurbin burushi. Kuku ya ba shi burushin takalmi, ya bi ta saman gashin sumul ya wuce, bai ko gaisa da ƙarangiya ba. Wani makaniki ya ba shi na ƙarfe wanda suke kankare tsatsa da shi, ja ɗaya ya yi Auduga ya ƙwalla ƙara ya kai masa cizo. Ya gwada yatsunsa, ƙarangiya ta huda su. Daga nan ya ce ba makawa sai ya je wurin masu sanin gashi.

Ranar Talata ya nufi layin 'yan koli, wurin Inna Hindu, wata tsohuwa mai sayar da kwalli da lalle da mataji iri-iri, wadda rabin matan garin a hannunta suka koyi kitso. Ya durƙusa, suka gaisa.

"Inna, an wuni lahiya? Ya kasuwa? Ya ƙarhin jiki?"

"Lahiya lau, Ɗantani. Ya mutanen gida? Ya aikin dam? Ya gajiyar hanya?"

Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf, ya waiga dama da hagu, ya rage murya. "Inna, mataji nika so."

"Kai da kanka ƙwal awa bayan ƙwarya, mi za ka yi da mataji?"

"Ba nawa ba na. Na wani gashi na, mai yawa, mai cika, mai lanƙwasa."

Tsohuwa ta ƙanƙance ido. Ta san mace ɗaya a gidan Ɗantani, kuma ta san Allah ya yi mata baiwar gashi. Ta ce, "Na Baturiya na?"

Ɗantani ya zaro ido. Kansa cike yake da kare, saboda haka Baturiya ɗaya ce ta faɗo masa, ta sansanin dam, mai Auduga. Ya ce a ransa, shi ke nan, asiri ya tonu har kasuwa. "E, Inna, nata na. Ashe kin sani. Don Allah ki ruhwa min asiri."

Tunda dai an riga an sani, sai ya saki jiki ya zayyana matsalar. Kalmar kare kawai ya ƙi furtawa don kunya, ya riƙa cewa "an yi, an yi", kamar yadda magidanci ke yi in yana maganar iyalinsa.

"Gashin duk ya cure, Inna. Ƙarangiya ta cika shi har bayan kunne. Kaska kuwa, jiya sai da nic cika tahin hannuna."

"Innalillahi! Kaska?"

"Wallahi. In na taɓa sai a yi min gurnani. Shekaranjiya har cizo anka kai min."

Inna Hindu ta dafe ƙirji. "Yaushe rabon da a yi wanka?"

"Wanka? Ai sai na ɗaure ga icce da igiya nika samun zuba ruwa."

Tsohuwa ta yi salati. Ta lalubo matajin ƙwarƙwata mai matsattsun haƙora ta danƙa masa, ta ce ya tafi da shi sadaka, Allah ya kawo sauƙi, Allah ya ba shi ladan haƙuri. Ɗantani ya tashi yana jin daɗin yadda tsohuwa ta tausaya wa dabba. Matajin bai yi komai ba, ja biyu haƙoransa suka zube.

Inna Hindu ba muguwa ba ce, cikinta ne dai ba ya riƙe magana. Ta gaya wa mai daddawa da ke kusa da ita, don a taya da addu'a. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta watse, 'yan Faru da na Ruwan Gizo da na Maradun sun ƙulle ta cikin kayansu sun tafi da ita gida: Baturiyar Ɗantani iskoki sun taɓa ta, tana cizo, sai an ɗaure ta ake mata wanka.

Washegari mata suka fara sallama gidan, wannan da turaren hayaƙi, waccan da saiwa. Duk wadda ta shigo sai ta zauna kusa da ƙofa, ta yi sannu da murya ƙasa-ƙasa, idonta na kan bakin Baturiya. Baturiya tana cewa ita lafiyarta lau, su kuma suna kaɗa kai, don sun san duk mai irin wannan lalura haka yake cewa. Sai da gwaggonta Taiba ta iso daga Bakura a fujajan, ta fizge mata ɗankwali ta ga kitso shar yana ƙyalli, sannan ta zauna ta kwashe labarin duka ta gaya mata, da wanda ya faɗa, da inda ya faɗa.

Ɗantani ya dawo bayan la'asar ya tarar da abin da bai taɓa gani ba, matarsa na hawaye. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ni aka ɗaurewa ga icce?"

Nan take maganarsa da Inna Hindu ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya soma kame-kamen bayani, yana kauce wa kalmar kare.

Ta ce, "Ba ni son jin komi cikin ɗaki. Inda kaz zubar da mutuncina, can za ka kwaso shi. In Talata ta wuce ba ka kwaso ba, Gwaggo na nan, ni bi ta Bakura."

Satin nan Ɗantani ya rame. Gaba kura, baya siyaki: in ya yi shiru ta tafi, in ya faɗi gaskiya a bainar jama'a, ina ɗiyar malam za ta zauna da mai tajen kare? Ya juya ta nan, ya juya ta can. A ƙarshe ya ce in dai tafiyar ce, gara ta tafi da sunanta a wanke.

Ranar Talata da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, sai ga Ɗantani a keke da sabon kwando a baya, wani farin tulin gashi zaune a ciki yana zaro harshe. Wani dillalin tumaki har ya miƙa hannu zai danna gadon baya, Ɗantani ya ce kada ya soma, shi ya san ƙarshen wannan. Ya tsaya gaban Inna Hindu, ya sauke Auduga, ya riƙe igiya. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa daga rumfa zuwa rumfa ba, ranar har masu albasa a can ƙarshen kasuwa sun ji shi.

"Jama'a, ku saurara! Ga mai ƙarangiya, ga mai kaska, ga wanda aka ɗaurewa ga icce! Kare na, na Baturiyar dam! Ni ka taje shi, ni ka yi mai wanka, kuma ni niɓ ɓoye don kunya. Amma Baturiya tawa, Baturiya ta gidana, wallahi duk ƙasar Mahwara babu kan da yak kai nata tsabta!"

Kasuwa ta yi tsit. Ba karen ne ya kashe bakin mutane ba. A zamaninsu namiji mai kunya ba ya kama sunan matarsa ta fari, ko a ɗaki, balle a tsakiyar kasuwa, balle ya maimaita. Inna Hindu ce ta fara rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Ɗantani ya kira sunan matatai!" Sai dariya ta ɓarke ko'ina, mata na tafawa, yara na tsalle, Auduga na taya su da haushi. Sarkin Fawa ya zo ya dubi kare ya dubi Ɗantani, ya yanke hukunci a tsaye: nama da safe, kare da yamma, sabulu a tsakani.

Saura babban alƙali. Ɗantani ya tura kekensa zuwa gida, ya ɗaure Auduga a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya tsaya ya kasa shiga. Labari ya riga shi isowa. Can sai ga Baturiya a bakin zaure, lulluɓe da mayafi, riƙe da faifai. Ta daɗe tana kallon dabbar.

"Wanga na ragon?"

"Shi na," in ji Ɗantani, kansa a ƙasa.

"Malam, tun ranar da kaf fara kiwon ragonga akuyoyin gidanga ka gudu in ka shigo. Wane rago na akuya ka tsoro? Rigarka kuma ni ka wanke ta. Na daɗe da sani. Ina jira in ga ranar da za ka ɗauke ni mutum ka hwaɗa min."

Kunya da farin ciki suka haɗu suka rufe shi, ya rasa wanda zai fara ji. Ya ce, "Na ɗauka in kin ji za ki raina ni."

"Don ka ji tausan abin da Allah yah halitta? Dube shi yadda shika wahala. Mi da mi kas sa mai?"

Ya lissafa mata: burushin takalmi, na makaniki, matajin ƙwarƙwata. Ta riƙe haɓa.

"Maza ke nan. Ɗaya ya yi laushi, ɗaya na kankare tukunya, ɗaya na gashin da anka riga anka warware. Gashi mai cika ba a shiga tai da hwaɗa."

Ta ajiye faifan a bakin zaure ta tura masa da ƙafa. A kai akwai man kaɗanya, da tsinken tsifa, da wani tsohon matajin icce mai manyan haƙora warawara, wanda hannu ya goge har yana sheƙi. Ɗantani ya san shi, da shi ta zo daga Bakura cikin kayan aurenta.

"Wanga ai naki na."

"Da nawa na. In ya taɓa kare ba shi komawa kaina, kada ka damu. Zauna."

Ya zauna a gindin darbejiya, ita tana tsaye daga zaure tana ba da umarni, ko kusa da karen ba ta zo ba. Ya shafa mai a dunƙule ɗaya ya bari ya jiƙa. Ya riƙe gindin gashin da yatsu don kada ya ja fata. Ya sa tsinke ya ɓanɓare ƙarangiya ɗaya-ɗaya. Sannan mataji, daga baki-baki ana hawa sama a hankali, ba daga tushe ba. In ya yi gaggawa sai ta ce, "Sannu dai, ba huɗa kaka yi ba." In ya gama wuri sai ta sa ya raba wani layin, kamar mai shirin kitso. Da farko Auduga na ta zillo, can ya ji babu zafi, ya miƙe ƙafafu ya ɗora haɓa a cinyar Ɗantani ya lumshe ido. Kafin rana ta yi sanyi kafaɗa ɗaya ta warware, gashin ya kwanta yana lanƙwasa kamar da. Gwaggo Taiba ta leƙo ta gani, ta ce ita dai gobe za ta koma Bakura, ta ga alama babu mai raka ta.

Bayan gwaggo ta koma ciki, Ɗantani ya ci gaba da jan mataji. Baturiya ta gyara mayafi, ta kafa ido a kan ƙofar zaure kamar da ita take magana.

"An ce ka kira sunana cikin kasuwa."

Hannun Ɗantani ya tsaya. "Suɓutar baki ta. Ki yi haƙuri."

"An ce da ƙarhi. Mutanen Faru sun ji, na Maradun sun ji, har masu albasa sun ji. Ni mai sunan, ni kaɗai ban ji ba."

Ɗantani ya dubi hanya ta dama, ya dubi ta hagu. Ba kowa sai kare, shi ma barci yake. Ya sunkuyar da kai kamar mai neman ƙarangiya, zufa na keto masa, ya faɗa a hankali.

"Baturiya."

"Na'am," ta ce. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige gida da sauri har ta manta da faifanta a bakin zaure.